Wa Ya Faɗa Musu Zancen Zaren Baba?

Jama'a ku gyara zama, yau da haushina na zo. Masu turo mini saƙo wai na cika zargi, wai namiji ya nuna mini kirki na tsaya ina leƙa ƙarƙashinsa, na gani, na karanta duka. Har da wadda ta ce idan ba na so in tura mata lambarsa. 'Yar uwa na ji ki. Ku bari dai ku ji abin da ya faru a gidanmu makon nan, sannan ku yanke mini hukunci.

Ga wanda yau ya fara shigowa, ni ce auta a gidanmu, kuma jakunkunan mata nake ɗinkawa. Na ƙyalle mai kauri, masu zif da maratayi, irin wadda za ki zuba waya da caja da turare da gorar ruwan yaro ba ta nuna gajiya ba. A ɗakin da ke kusa da ƙofar gida nake aiki, a kan keken ɗinkin da Babana ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai. Baba tela ne na gaske. Ciwon ido ya riƙa cin ganinsa a hankali har ya kai ba ya bambance rana da inuwa. Ranar da ya rufe shagonsa ya dawo gida gaba ɗaya, ya tara mu ya ce abu ɗaya yake roƙo, kada a mai da shi abin tausayi, kada a riƙa kawo mutane suna tsayawa a kansa suna wayyo wayyo. Na riƙe maganar nan da hannu bibbiyu.

Amma bai daina aiki ba, nan ne zancen yake. Duk jakar da na gama sai ta bi ta hannunsa. Yana zaune a kujerarsa mai hannu a gefen taga, zai juya ta ciki waje, ya bi ɗinkin da yatsa tun daga gindi har baki. Idan na yi ha'inci zai miƙo mini ita ya ce, "Nan kina waya." Kuma wallahi waya nake. Idan ta yi masa, sai ya zura hannu cikin gwangwanin biskit da muke tara zare, ya ɗauko duk wanda yatsansa ya fara taɓawa, in zura masa a allura, ya yi ɗan ƙulli a ciki kusa da zif. Wannan ce shaidarsa cewa jaka ta fita. Tunda ba ya gani, launin ba ya taɓa dacewa. Baƙar jaka sai ta samu ƙulli ruwan hoda, fara ta samu kore shar.

Ni kuwa idan ya shiga ciki ya kwanta, sai in ɗauko ɗan ƙyallen da aka buga sunan sana'ata a kai, in ɗinke shi daidai kan ƙullin, ya rufe ruf. Kada ku harare ni. Mata masu saye ba sa raga wa kowa, wata za ta ce zare ya zubo, wata ta ce me ye wannan. Idan aka tambaya kuma dole in yi bayani, bayanin kuwa Baba ne.

A wajen buga ƙyallen nan na haɗu da shi. Mai Zane, haka na sa a wayata, haka kuma zan kira shi a nan. Shi ke zana wa masu ƙananan sana'a tambari, ya ɗauki hoton kayansu, ya gyara musu shafinsu na intanet. Dogo ne, ga tabarau, kullum rigarsa a goge ya naɗe hannunta zuwa gwiwar hannu, kamar yanzu zai wanke wa wani kwano. Ranar farko ya juya jakata a hannunsa ya ce, "Me ya sa kike ɗinka jaka?"

Na ce, "Don in sayar."

"A'a, me ya sa jaka? Me ya sa ke?"

"Malam, ƙyalle na zo bugawa, ba neman aiki ba."

Ya yi dariya har da riƙe teburi. Ya ce jaka ta cika kasuwa, abin da mutane ke nema shi ne dalilin da zai sa su riƙe taki su bar ta wata. Ya ce sana'a ma tana da hali kamar mutum, idan ba a san halinta ba ba a shaƙuwa da ita. A raina na ce wannan bakinsa kaɗai ya ishe shi jari.

Daga nan ya karɓi shafina yana kula da shi. Ya hana ni ɗaukar hoto a kan gado, ya hana ni rubuta "sai wanda ya gani" a ƙarƙashin kowace jaka, ya zaɓa mini launi biyu ya ce kada in wuce su. Gaskiya shafin ya yi kyau, ba zan ci haƙƙinsa ba. Daga kula da shafi ya koma zuwa gaida Baba. Daga gaida Baba ya koma zama a falo, Mama tana fito masa da kofunan da mu ba ma taɓawa. Yanzu idan kun ji Mama tana cewa "ɗan albarka", ba yayana take nufi ba.

To ni me ke damuna da shi? Saƙonninsa. Ga wanda ya turo mini wata safiya:

"Akwai masu shiga ɗaki.
Akwai waɗanda ɗaki ke jira.
Ke ta biyun ce, Mai Jaka."

Ku faɗa mini tsakaninku da Allah, wannan saƙon so ne ko tallan labule? Komai nasa a tsare, babu kuskuren rubutu, babu rawar baki. Mutumin da aikinsa shi ne ya sa a so abu, ta ina zan gane ranar da shi kansa yake so? Kullum ina jin kamar ni ma wani shafi ce da yake gyarawa.

Wata rana yana ɗaukar hoton cikin jaka a ɗakin aikina, sai babban yatsansa ya tsaya a kan ƙyallen suna. Ya danna, ya sake dannawa.

"Me ye a ƙarƙashin nan?"

"Ɗinki."

"Duk jakar da na taɓa akwai shi, kuma wuri ɗaya."

Ban san abin da ya shiga kaina ba ranar. Wataƙila gajiya ce, wataƙila don ya yi tambayar a hankali ne. Na faɗa masa komai, gwangwanin biskit, launin da ba ya dacewa, da maganar da Baba ya yi mana. Ya ajiye kyamarar. Idonsa ya yi wani ƙyalli a bayan tabarau, irin na mutumin da ya tsinci abu a hanya yana duba ko akwai mai kallonsa.

"Mai Jaka, kin san abin da kike rufewa kuwa? Wannan shi ne tambarinki. Wata da watanni ina neman abin da zan zana miki, ashe yana ƙarƙashin ƙyalle."

Na ce, "Ubana ba kayan talla ba ne."

"Ba talla nake nufi ba."

"Ko ma me kake nufi, a'a."

Ya ce, "Na ji." Da sauri ya faɗa, babu ja babu musu, ya ɗauki kyamararsa ya ci gaba. Wannan saurin ne ya tsaya mini a rai. Mutumin da ya kwana uku yana gardama da ni a kan launin rubutu, yau ya saki abu mafi girma da "na ji"?

Sai makon nan. Da safe ina guga wayata ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Na ɗauka rukunin 'yan ajinmu ne suka tashi da faɗansu. Ina dubawa na ga saƙon wata mata da ta sayi jaka tun bara:

"'Yar uwa na farke ƙyallen, nawa JA ne!! A gaida Baba."

Na ajiye dutsen guga. Wani saƙon ya shigo.

"Nawa shuɗi. Na yi kuka wallahi."

"Ina son guda biyu, amma don Allah kada ki rufe ƙullin."

"Shin ana zaɓar launi ko sai wanda Baba ya ɗauko?"

Na buɗe shafina da gudu, babu komai, hoton jakar shekaranjiya ne a sama. Na duba ko'ina, babu inda aka ambaci Baba. To wa ya faɗa musu? A duniyar nan mutum nawa suka san da ƙullin nan? Ni, da Mama, da Baba, da mai tabarau.

Na samu Mama a kicin tana yanka albasa, ta ɗaura ɗankwalinta na gefe, wanda take yi idan ranta fari ne.

"Mama, kin yi wa wani zancen ƙullin Baba?"

"Wane ƙulli?"

"Na cikin jaka."

"Ni ina ruwana da jakunkunanku." Ba ta ɗago ba. Mama kuwa idan ka tambaye ta ina gishiri sai ta ba ka tarihin wanda ya sayo shi. Yau amsa ɗaya tak, wuƙa kuma ta ƙara sauri.

"Mutane na ta turo mini saƙo."

"To ba ciniki kike nema ba? Ke dai ba a iya miki. In babu masu saye ki ɓata rai, in sun zo ki ɓata rai." Ta share hannu a zani ta juyo. "Tunda kin zo ma, zauna. Yaron nan ya gaji da jira. Yana so manyansa su zo su gaida Babanki, ke kina ta ja masa rai. Me kike nema ne wai? Yana da sana'a, yana da ladabi, ya ɗauke miki aikinki a kansa. Yayarki ta kira ni jiya, ta ce idan kika sake wannan ya tafi ita ba ta ƙara sa baki a zancenki."

"Mama ban gama saninsa ba."

"Ni da na auri ubanki har yau ban gama saninsa ba. Tashi ki ba ni wuri."

Na koma ɗakin aiki na tsaya a tsakiya, na fara kallonsa kamar ba nawa ba. A nan abubuwa suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Ranar Asabar da ta wuce Mai Zane ya kira ni da sassafe, wai ya ji labarin wani shago a can ƙarshen gari da ke sayar da zif mai kyau, in yi sauri kafin ya ƙare. Na shiga mota biyu, na sha rana, na tarar da zif irin wanda ke bakin titinmu. Da na dawo na ga an ɗage labulen tagar ɗakin aikin an ɗaure shi a sama, alhali kullum a sake yake. Kujerar Baba an ɗan juya ta tana fuskantar haske. Baba kansa yana sanye da farar rigarsa mai aiki a wuya, wadda sai za shi wani wuri ake ciro ta. Na tambaya ya ce zafi yake ji, ita ce mara nauyi. A kan keke kuma akwai kofi, cikin waɗancan kofunan na baƙi, da sauran shayi a ciki.

Duk na gani ranar, na wuce, don ƙafata na ciwo.

Na rubuta wa matar nan mai jan ƙulli: "Anti don Allah a ina kika ji?" Ba ta ɓata lokaci ba ta turo mini bidiyo, ta ce a rukuninsu na mata aka saka, yanzu kam ya zaga ko'ina.

Na danna. Hannayen Baba ne. Ba a nuna fuskarsa ba, daga ƙirji zuwa cinya kawai, farar rigar nan, da jakata mai ruwan ƙasa a kan gwiwarsa. Yatsunsa suna bin ɗinki. Ga gwangwanin biskit, ga hannunsa yana lalube a ciki. Sai muryarsa, a natse, yadda yake magana idan yana ba mu labarin shagonsa: "Ni ba na ganin launin. 'Yata ke ɗinki, ni nake cewa ya yi. Wanda ya samu ƙullina a ƙarƙashin ƙyallen suna, to na taɓa jakarsa da hannuna." A ƙarshe aka rubuta sunan sana'ata da fararen haruffa, a ƙarƙashinsa an zana ɗan ƙulli a karkace, zare ɗaya ya fito gefe.

Zan faɗa muku gaskiya, bidiyon ya yi kyau. Ya yi kyau har na tsane shi. Na kalle shi hawaye na zuba, kuma ina sane cewa haka aka shirya shi, don a kalla a yi hawaye. Waɗannan fararen haruffan ko a mafarki na gan su na san hannun wanda ya yi su.

Na kira shi. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Mai Jaka."

"Kai ka ɗauka?"

Ya ce, "Ni na ɗauka."

"Zif ɗin ƙarshen gari fa?"

"Wannan ƙarya na yi miki. Ki yafe ni."

"Na ce maka a'a ko ban ce ba?"

"Kin ce."

"To wa ya ba ka izini?"

"Ba zan iya faɗa miki ba. Na yi alkawari."

Na yi wata dariya da ni kaina ban san ina da ita ba. "Alkawari! Ka shigo gidanmu, ka sha shayinmu, ka aike ni ƙarshen gari kamar yarinyar aike, ka zaunar da makaho ka sa masa riga ka ɗauke shi hoto. Yanzu kuma kana da alkawari?"

"Ki yi magana da Baba tukuna, don Allah."

"Kada ka sake kiran sunansa. Tun ranar da ka taɓa ƙyallen nan na ga idonka. Ba ni ka gani ba, ba shi ka gani ba, aiki ka gani. Gobe za ka nuna wa masu kuɗi ka ce ga abin da na iya."

"Haka kike ganina?"

"Haka kake."

Na ji numfashinsa a wayar. Na kashe. Zuciyata ba ta huce ba, na danna saƙon murya na ƙara masa. Na ce ya miƙo mini shafina da duk abin da ke hannunsa, kada ya sake tako ƙofar gidanmu, kuma zancen manyansa ya bar shi inda yake, don ba zan auri mutumin da zai sayar da idon ubana ba. Na tura. Alamar ta nuna ya saurara nan take.

Na wanke fuska, na gyara mayafina, na nufi wajen Baba. Tsorona ɗaya, kada ya ji a bakin wani cewa yana yawo a wayoyin mata ana masa wayyo. Gara ya ji daga gare ni. Na same shi ya fito ɗakin aiki, yana zaune a kujerarsa, jakar da na gama jiya tana kan cinyarsa. Na durƙusa a gabansa.

"Baba, na yi maka laifi. Na faɗa wa mutumin nan zancen ƙullinka, shi kuma ya ci amana. Hoton da ya ɗauke ka ranar Asabar, ban san me ya ce maka ba, amma ya watsa shi. Yanzu kowa ya gani."

Yatsunsa ba su tsaya ba. "Kowa?"

"Kowa, Baba."

"Madalla. Na ce wa uwarki ƙanwarta ta fi rediyo, ta tura mata kawai."

Na ɗago kai. "Mama ce ta tura?"

"Ni na sa ta. Ni na kira yaron, ni na ce ya aike ki wani wuri mai nisa. Ya ƙi, ya ce kin hana. Na ce masa to ya zaɓa, ko ya ɗauka ko ya daina zuwa gaishe ni. Na ce ya nuna fuskata ma, nan kam ya kafe, wai hannu ya isa, kada ranki ya ɓaci da yawa. A shafinki kuma ya ce ba zai saka ba sai da yardarki. Na sa ya yi mini alkawari ba zai ce ni ba ne, don ina so in faɗa miki da bakina. Sai na kasa, kullum in ce gobe."

Na ce, "Amma Baba kai ka ce kada a mai da kai abin tausayi."

"Na faɗa. Lokacin ina jin tsoro ne, Auta, ban san yadda ake zama makaho ba." Ya juya jakar ciki waje. "Kwanaki na sa hannu a jakar uwarki ina neman maganina. Ke kika ɗinka mata ita, ni na ƙulla. Na nemi ƙullina na rasa, sai na ji ƙyalle a kai. Na ce wataƙila wannan ce kaɗai. Da kika fita na lallaba na taɓa waɗanda kika jera a kan kanta za a kai wa masu su. Duka haka suke."

Daga ƙofa na ji motsin Mama, ta tsaya ba ta shigo ba.

"Na ce kada a tausaya mini, ban ce a ɓoye ni ba," in ji shi, ba tare da ɗaga murya ba. "Kullum ina zaune nan ina ɗauka aiki nake. Ashe wasa ake ba ni in yi, kamar yaron da aka miƙa wa tsumma don ya bar mutane su yi ɗinki."

"Wallahi ba haka ba ne, Baba. Kare ka nake."

"Na sani. Shi ya sa ban yi fushi ba. Amma ya yi mini ciwo."

Jama'a, an taɓa faɗa muku magana a hankali ta fi mari zafi? Na kifa kaina a hannun kujerarsa na yi kuka irin na yara, har da shessheƙa. Ya dafa kaina ya bar ni na yi. Ni da nake ganin duk gidan nan babu mai tsare mutuncin Baba kamata, ashe kullum da la'asar ni nake bi da allura ina shafe shi daga aikinsa.

Kada ku ce na wanke Mai Zane tas, ban wanke shi ba. Mutumin da ya iya yi mini ƙaryar zif da murya a sake, ban san me kuma zai iya ba. Kuma ƙullin da ya zana a ƙarshen bidiyon bai yi kama da abin da aka zana a rana ɗaya ba, wannan ya daɗe yana juya shi a ransa tun ina cewa a'a. Amma ya tsaya na zage shi, yana da amsar da za ta rufe mini baki, bai faɗa ba. Wannan kam babu tallan da ke cikinsa.

Wayata ta yi ƙara a cinyata. Na share ido na duba. Shi ne. Ya turo kalmar sirrin shafin, ya turo duk hotunan jakunkuna, ya turo zanen ƙullin. A ƙasa ya rubuta:

"gashi duka naki ne. na cire kaina. kiyi hakuri da"

A nan ya tsaya. Babu babban harafi, babu tsari, bai ma ƙarasa ba. Na danna sunansa, hotonsa ya ɓace. Na kira, wayar a kashe.

"Wannan ta yi," in ji Baba, yana shafa bakin jakar. Ya zura hannu a gwangwani ya ɗauko zare, ya miƙo mini tare da allura. "Zura mini. Kada ki faɗa mini launin, na fi so masu saye su riga ni sani."

Na karɓa. Mama ta leƙo, sai a lokacin na lura ta canza kaya, ta sa leshinta mai ruwan zuma, har da 'yan kunne.

"Ke Auta, in kin gama ki zo ki share falo, ki canza wannan tsummar rigar. Babanki ya ba yaron nan izini, yau da yamma zai zo da kawunsa su gaisa. Gaisuwa ce kawai, kada ki fara mini."

Baba ya yi murmushi. "Na ce masa amsa tana wajenki, ni nawa shayi ne. Amma ina son yaron, Auta. Tun da idona ya tafi, shi ne baƙon farko da ya tambaye ni yadda ake kafa zif, bai tambaye ni ya jiki ba."

Na ɗaga allurar wajen hasken taga. Na lashi bakin zaren, na kai, ya kauce. Na sake kaiwa, ya kauce. Ni da nake zura masa zare ina hira ina kallon waya. Baba ya miƙo tafin hannunsa yana jira, da ya ji shiru sai ya lalubo ya kama wuyan hannuna. Ya riƙe shi kamar yadda yake riƙe jaka idan ya ji wani abu a ɗinkin. Murmushin ya bar fuskarsa.

"Auta, hannunki rawa yake," ya ce. "Me kika yi?"